Ƙofar da Ditlev Ya Rufe

Ya zo garinmu a shekarar da kifi ya yi ƙaranci,
da akwatin katako, da tari a ƙirji,
yatsunsa shuɗi-shuɗi kamar na marini.
Ditlev Ravnholt, in ji shi, daga Kopenhagen.
Masunta suka ce: ga mai sana'ar da ba ta cika ciki.

Tsabar azurfa biyu ya ajiye kan teburi.
"Zauna nan, Birthe, ki ci gaba da ɗinkin komarki.
Kada ki dube ni."
Ni da yaushe na sami sukunin dubansa?

Kwana arba'in ina zaune gefen taga.
Bayana ya ƙage, gahawa ta huce a kofi,
shi kuwa yana ta kokawa da haske.
Wai hasken Yutland ba ya zama wuri ɗaya:
kafin ya dama fari da rawaya
gajimare ya riga ya canja magana.
Sai ya zagi buroshi, ya kankare, ya sake.

Mogens, mijina, yana bakin ƙofa a zanen,
hula a hannu, takalmin teku har gwiwa.
Sau uku kacal ya yarda ya tsaya.
Ya ce namiji ba ya kafewa kamar turke
alhali iska ta juya.
Ba a gama fuskarsa ba: ido ɗaya, rabin gemu.

Ran Talata suka fita su shida.
Ran Alhamis teku ta maido filafili ɗaya
da hular ɗan Sidsel.
Ƙararrawar coci ta yi ta bugawa
har kunnena ya daina jin ta.

Bayan mako biyu Ditlev ya dawo.
Ya tsaya daidai inda Mogens yake tsayawa,
ya kasa shigowa.
Na ce: kuɗinka na riga na sayi hatsi da su,
shigo ka gama aikinka.
Ya ce ba ya iya zana fuska da ka.
Na ce: to, rufe ƙofar.

Ya dama toka-toka da ɗan kore,
ya shafe mijina, shafi bisa shafi,
tun daga gashin kai har tafin ƙafa.
Ina jin buroshi yana tafiya, shuu, shuu,
kamar ana share ɗaki bayan baƙi sun watse.
Ban ɗaga kai ba.
Huda goma sha ɗaya ce a komar,
na ƙirga, na sake ƙirgawa.

Shekara ashirin da uku.
Tari ya ci Ditlev tuntuni, a bakin mai kawo wasiƙa na ji.
Jikata Karen ta kai ni birni a jirgin ruwa mai hayaƙi,
ta ja ni wani ɗaki mai daɓen santsi
inda masu safar hannu suka yi cirko-cirko gaban bayana.
Wani mai tabarau yana cewa:
"Dubi natsuwa! Dubi yadda shiru ya cika ɗakin!"
Shiru?
Ranar nan iska ta kusa ɗage mana rufi.

Na matsa kusa har mai gadi ya yi gyaran murya.
Fentin ƙofar ya tsufa,
ya yi shara-shara kamar ƙyallen da ya sha wanki.
Can ƙasa, wajen dokin ƙofa,
ga bakin takalmi yana leƙowa.
Sama kaɗan, yatsu huɗu riƙe da gefen hula.

Karen ta ce, "Kaka, tabo ne kawai."
Na ce, eh, tabo ne.
Amma ban tafi ba, ko da gwiwoyina suna ƙara.
Ban san ya iya tsayuwa haka ba:
shekara ashirin da uku a bakin ƙofa,
bai ce iska ta juya ba.